Katin da Ba a Rubuta Ba

A ɗakin bakwaini na asibitin ba mai kiranta da sunanta. Ma'aikata Sista suke ce mata, iyayen jarirai kuwa, in ta ba da baya, sai su ce Mai Kati. Ta san da sunan, kuma in za a faɗi gaskiya, daɗinsa take ji.

Shekara ashirin da biyu ta yi a ɗakin nan mai kwalabe goma sha huɗu, inda ake kwantar da jariran da suka yi gaggawar zuwa duniya. A cikin duk abin da ke tsoratar da ma'aikatan ɗakin, ita ciwon ido ya fi tsaya mata a rai. Jaririn da aka haifa tun ciki bai kai ba, jijiyoyin jinin da ke can bayan idonsa ba su gama tsirowa ba, a waje suke ƙarasawa. Wani lokaci sai su kauce hanya, su yi ta tsiro barkatai, har su janyo shimfiɗar da ido ke gani da ita su ɓamɓare ta. Mugun abin shi ne daga waje ba a ganin komai. Ido fes, ba ja ba kwantsa, uwa tana ta yabon kyansa. Sai likitar ido ta leƙa ciki da fitilarta kafin a san halin da ake ciki. Shi ya sa ɗakin yake da ƙa'ida: jariri yana cika sati huɗu da haihuwa za a yi masa dubawar farko, daga nan kuma duk ranar da likita ta yanka, ko sati ɗaya ko biyu, har ta ce jijiyoyin sun kai gaci. In an kama ciwon a kan lokaci, ana ƙone wurin da hasken leza a tsira da ido. In aka makara kuwa, sau da yawa sai dai haƙuri.

Matsalar ba ta jariran da ke kwance ba ce, waɗannan ba inda za su. Waɗanda aka sallama su ne ke ɓacewa. Don haka Sista ta ƙirƙiro kati rawaya mai rabi biyu. Rabi a ba uwa, rabi a jefa a wani akwatin katako mai gida-gida, kowace Talata da gidanta, domin Talata likitar ido take zuwa. In aka tashi aiki aka ga wani rabin kati ya rage a gidan ranar, to wata uwa ba ta zo ba ke nan, Sista za ta ɗauki waya. Matan da suka taɓa shan wannan wayar ba sa marmarin ta biyu.

“Ido ba ya jiran kowa,” haka take ce musu. “Ba ya jiran ruwa ya ɗauke, ba ya jiran mijinki ya dawo daga tafiya. Ranar da ke jikin katin nan, ko rarrafe kike yi ki kawo min shi.”

Tana nan a haka sai abin ya biyo ta har gida. Autarta, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta haihu cikinta yana sati ashirin da takwas. Namiji ne, kilo ɗaya da 'yar ɗoriya, tafin ƙafarsa bai kai babban yatsan Sista ba. Ranar da aka kwantar da shi a kwalba ta shida, ta leƙa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “To, sannu da zuwa, Maigida. Haka za ka zo min ba ko tsoka? Da wane ƙarfin za ka riƙe ni?” Ma'aikata suka yi dariya, ita ma ta yi, don in ba ta yi ba kuka za ta yi. Daga ranar kowa ya kama kiransa Maigida.

Ya sha iskar oksijin kusan sati uku, ya yi ta wahalar da su, amma ya rayu. Ranar Talatar da ya cika sati huɗu aka ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, aka naɗe shi tam a zane, aka ɗora a teburin dubawa. Uwa ba ta shiga wurin, a waje take jira, wannan ma dokar Sista ce. Ita ce kuma mai riƙe kan jariri. Ta riƙe kawunan da ba ta san adadinsu ba, hannunta bai taɓa rawa ba. Likita ta ɗaura fitila a goshi, ta ɗauko ɗan ƙarfen nan mai kamar abin kama gashi ta buɗe masa fatar ido da shi. Maigida ya tsala wani kuka siriri, irin na mage sabuwar haihuwa. Kukan da Sista take ji kowace Talata ne, ba wani sabo ba. Amma ranar sai ta ji shi har cikin ranta, yatsunta suka kama rawa, har likita ta ce, “Sista, riƙe min shi da kyau mana.”

Da aka gama likita ta cire fitilar ta ce, “Akwai 'yar alama, ba mai tayar da hankali ba tukuna. A dawo da shi bayan sati biyu. Ni zan tafi hutun wata guda, amma wanda zai riƙe min aiki zai duba shi.”

Sista ta fito ta tarar da Auta a tsaye jikin ƙofa, ido ya yi ja.

“Mama, me aka ce?”

“Lafiya lau. Za a ƙara dubawa nan gaba. Bar min wannan, ke dai ki ji da nono.”

Auta ta bar mata. Wa za ta bar wa in ba ita ba?

Bayan kwana goma aka sallame shi. Bai kai nauyin da ake sallama ba, da saura kaɗan, amma likitan yara ya ce wanda zai kwana gida ɗaya da Sista ai bai bar asibiti ba. Auta za ta zauna wurin mahaifiyarta har yaron ya yi ƙwari, don mijinta direban babbar mota ne, ba ya cika sati a gari. Ranar sallamar, Doguwa ce a tebur, wata nas mai 'ya'ya huɗu da ta shekara goma sha ɗaya tana aiki a ƙarƙashin Sista. Ta zaro kati rawaya ta buɗe biro.

Sista ta kalle ta ta saman gilashi. “Wa za ki rubuta wa?”

“Maigida mana.”

“Ni za ki rubuta wa kati? Ki rubuta lambata, ranar Talata in ɗauki waya in kira kaina in yi wa kaina faɗa?”

Duk ɗakin aka tuntsire da dariya. Doguwa ma ta yi, ta ce, “Tuba nake, ranki ya daɗe,” ta mayar da katin cikin 'yan uwansa. Haka Maigida ya fita daga ɗakin bakwaini, shi kaɗai a cikin shekaru, ba rabin katinsa a akwati.

Kada wani ya ce Sista ba ta kula da jikanta ba. Ta kula da shi har ta ishi mutane. Ta kawo sikeli gida, kullum da safe sai ta auna shi ta rubuta a bayan kalanda. Ta hana baƙi shiga ɗakin, ta kori ƙanwar mijin Auta don ta yi atishawa a bakin ƙofa. Ta koya wa Auta yadda za ta ɗaure shi a ƙirji, fata da fata, ta tsaya a kanta tana ƙirga cokalin nonon da aka tatsa. Har Auta takan ce, “To Sista, an ji, a bar mara lafiya ta huta.” Duk abin da ido ke iya gani, Sista ta gan shi.

Talatar da likita ta yanka ta zo kwana huɗu bayan sallama. Aka wayi gari da ruwa da iska mai sanyi. Sista ta tsaya a taga da takalmi a ƙafa, ta kalli ruwan, ta kalli Maigida yana barci a ƙirjin uwarsa, bakinsa a buɗe. Ta tuna ƙarfen nan da kukan nan. Ta ce a ranta, a fitar da wannan a cikin sanyin nan ai neman wani ciwon ne, sati ɗaya ba zai yi komai ba. Da wata uwa ce ta faɗa mata haka a waya, da ta wanke ta tas. Ta ɗauki lema ta tafi aiki ita kaɗai.

Talata ta biyu aka kawo tagwaye 'yan sati ashirin da bakwai tun da sassafe, nas biyu kuma ba su zo ba. Ta wuni a tsaye. Da hannunta ta riƙe wa baƙon likitan kawunan jarirai tara. Shi bai san tana da jika ba, kuma ba shi da hanyar sani, don abin da ke cikin akwati shi yake bi. Talata ta uku Maigida ya tashi da 'yar mura, ta ce a bari hancinsa ya buɗe. A nan ne iliminta ya soma yi mata aikin banza. Ta tuna wa kanta cewa yawancin masu 'yar alama irin tasa da kansu suke warkewa, kuma gaskiya ne, ta ga haka ba sau ɗaya ba. Har ta ɗauko 'yar tocilanta ta haska idonsa, ta ga baƙi wuluk, ta ce, “Kai, Maigida, da wannan idon za ka yaudari 'yan mata.” Ita da ta shekara ashirin tana gaya wa mata cewa tocila ba ta nuna komai.

Talata ta huɗu ba ruwa, ba mura, ba tagwaye. Ba ta ma tuna ba sai da ta dawo gida tana cire takalmi. Ta ce sati mai zuwa ba fashi, ta shiga kicin ta ɗora shayi.

A Talata ta biyar likitar ido ta dawo daga hutu. Da safiyar ranar wata mata mai sayar da kayan marmari a bakin tasha ta shigo da 'yarta a ƙirji, tana rarraba ido. Satin da ya wuce ya kamata ta zo. An kira wayarta sau uku a kashe. Sista ta karɓi katin ta ɗaga shi sama yadda duk matan da ke kan benci za su gani.

“Wace rana aka rubuta a nan?”

“Sista, wallahi wayata ce ta faɗa ruwa, ga shi ba mai tsare min kaya...”

“Ban tambaye ki waya ba. Wace rana aka rubuta?”

Matar ta sunkuyar da kai.

“Lemo da ayaba sun fi idon 'yarki, ko? In ta girma tana lalube, sai ki ce mata kaya kika tsaya tsarewa. Ido ba ya jiran kowa, baiwar Allah. Je ki zauna.”

Matar ta je ƙarshen benci ta zauna tana share hawaye da gefen mayafi. Sista ta koma tebur tana huci, ita a dole an ɓata mata rai. Doguwa tana jera takardun jariran da za a duba. Ba ta ɗago ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda su biyu kawai za su ji.

“Sista, likita ta tambaye ni Maigida. Na buɗe fayil ɗinsa ban ga dubawa ta biyu ba. Ko wani wuri kika kai shi?”

Sista ta juya ta kalli kalandar da ke bango, ta ɗora yatsa a kan ranar dubawar farko, ta yi ta saukowa. A ranta tana lissafin kamar sati biyu ta ƙara a kai, ko uku in ya yi yawa. Yatsan ya ƙirga mata sati shida tun da aka leƙa idon yaron. Ta sake ƙirgawa, ko ta tsallake layi. Ba ta tsallake ba. Ta san abin da sati shida ke nufi a idon bakwaini, ta san kuma cewa daidai wannan tsakanin ne ciwon yake tashi in zai tashi.

“Riƙe min ɗakin,” ta ce. “Kada ki bari likita ta tafi.”

Ba ta ko cire farar rigar ba ta fita ta tari tasi. A gida ta tarar da Auta zaune a kan tabarma tana yanke wa Maigida farce, rediyo yana yi a hankali.

“Mama, lafiya da rana tsaka?”

“Tashi ki shirya shi. Dubawar ido ce.”

“Yau? Ai da kin gaya min tun jiya na wanke masa kaya.”

“Ke dai yi sauri.”

A mota Auta ta yi ta hira. Ta ce jiya ya kama yatsanta ya ƙi saki, ta ce babansa ya ce hancinsa ne da yaron, ita kuwa ba ta ga hanci ba tukuna. Sista tana ta “uhm, uhm,” idonta a kan titi. Sau biyu ta juyo za ta faɗa, sau biyu ta fasa. Ta ce a ranta bari a duba tukuna, wataƙila ba komai, in ba komai kuwa ba sai an tayar da zance ba. Ko a lokacin ma mutuncinta take lallaɓawa, kuma ta san haka.

Doguwa ta ɗiga wa Maigida magani. Maganin yana ɗaukar kusan awa guda kafin ƙwayar ido ta buɗe, ba yadda za a yi a gaggauta shi. Wurin zama ɗaya ne a farfajiyar, wato bencin iyaye. Sista ba ta taɓa zama a kansa ba. Yau ta zauna, kuma ba inda ya rage sai kusa da mai kayan marmari, wadda aka riga aka duba 'yarta tana jiran sabon kati. Matar ta matsa da sauri ta ba su wuri.

“An gama taku?” Auta ta tambaye ta.

“An gama. Likita ta ce Allah ya rufa asiri, bai taɓa ta ba.” Ta leƙo ta gefen Auta. “Sista, ki yafe min. Faɗanki gaskiya ne. Da ana samun irinki da yawa da yara ba su makance ba.” Ta kalli Maigida. “Jikanki ne? Kai, wannan ya more. Shi kam ba mai makarar da shi.”

Auta ta yi murmushi irin na 'yar da aka yabi uwarta. Sista ta ƙura wa takalminta ido. Da matar ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Da aka kira su, Sista ta miƙe ta ce wa Doguwa, “Ke riƙe kan.” Doguwa ta dube ta, ta wanke hannu. Auta ta tsaya a bakin ƙofa kamar yadda doka ta ce, amma yau ba wanda ya tuna ya rufe ƙofar. Likita ta fara da idon dama. Ta daɗe. Ta koma na hagu, ta fi daɗewa, tana juya gilashin hannunta, tana karkata kai. Maigida yana ta tsala kuka. Sista ta san shirun likitar nan kala-kala, ta san na lafiya, ta san na a dawo sati mai zuwa. Wannan ba ko ɗaya daga ciki ba ne.

Likita ta cire fitilar ta ajiye, ta buɗe fayil ta karanta rubutun hannunta. Sannan ta ɗago ta hango Auta.

“Ke ce uwar? Shigo.”

Auta ta shigo ta karɓi ɗanta tana jijjiga shi.

“Na rubuta a nan a dawo da shi bayan sati biyu. Yau sati shida. Ina kika shiga?”

Auta ta kalli likita, ta kalli mahaifiyarta. “Sati biyu?”

“Ina katinki? Ke da mahaifiyarki ce ta kawo katin nan asibitin, ke ce za ki yi wasa da shi? Kina malamar makaranta, ba za ki iya karanta kwanan wata ba? Kin san abin da kika jawo wa yaron nan?”

Auta ba ta ce ba a ba ta kati ba. Ta sake duban uwarta sau ɗaya, sannan ta sunkuyar da kai, daidai yadda mai kayan marmari ta yi ɗazu. Ta gane, kuma ta zaɓi ta ɗauka. Sista tana tsaye jikin bango tana kallo. Numfashi ɗaya, biyu, uku, tana tsaye, tana barin 'yarta tana shan faɗan da ba nata ba. Duk abin da ya faru a watan nan, waɗannan numfashi ukun ne daga baya ta kasa yafe wa kanta.

Doguwa ta gyara murya. “Likita, ni ce a tebur ranar da aka sallame shi, ni ya kamata...”

“A'a,” Sista ta ce. “A'a. Ba ita ba ce, ba kuma yarinyar nan ba. Ba ta san da ranar ba, ban gaya mata ba. Doguwa ta ɗauko kati za ta rubuta na hana ta. Ni na ce a bar min. Ina sane da ranar, ni na ƙi kawo shi.”

Likita ta shekara tara tana aiki da Sista. Ta dube ta, ta kawar da kai, ta kama gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Sista ta so a ce ta yi mata tsawa kamar yadda ta yi wa Auta. Ba ta yi ba. Ta juya wurin Auta, muryarta ta sauko.

“Ki yi haƙuri, na yi miki faɗa ba laifinki. Zauna ki ji. Idon dama ciwon ya yi nisa, amma muna kan gaɓa. Gobe da safe zan yi masa leza, ina da kyakkyawan zato. Na hagu kuwa shimfiɗar ta fara ɗagowa ta gefe ɗaya. Wannan ya wuce leza, sai tiyata, zan tura ku wurin wanda ke yin ta. Ba zan yi miki alkawarin da ba ni da iko a kansa ba. Yana iya gani da shi kaɗan, yana iya rasa shi.”

“Da an kawo shi a kan lokaci fa?” Auta ta tambaya.

Likita mace ce da ba ta iya ƙarya ba. “Da wataƙila leza ta ishe su duka biyun.”

Suka fito farfajiya. Bencin ya zama ba kowa, mai kayan marmari ta tafi. Auta ta zauna ta juya wa ƙofa baya ta ba Maigida nono, ya kama yana ajiyar zuciya, fatar idonsa ta kumbura. Sista ta tsaya a gefe, ta rasa inda za ta sa hannayenta. Ta cusa su a aljihun farar rigar, ta ji 'yar tocilar nan a ciki, ta zaro hannun.

“Auta.”

Auta ta ci gaba da ba da nono.

“Auta, ki yi min magana. Ko zagina ne ki yi.”

“In zage ki, Mama?” Ba ta ɗago ba. “Abu ɗaya kawai nake so in sani. Mantawa kika yi?”

Ga ƙofa a buɗe, in tana son fita. Mantuwa kowa yana yi, kuma Auta za ta karɓa.

“Sau ɗaya na manta. Sauran ban manta ba. Ranar da aka fara duba shi na ji kukansa, na kasa. Kullum sai in samo dalili. Na ce na san ciwon, na ce zai warke da kansa.” Ta share fuska da bayan hannu. “Tsoro na ji, na kira shi sani.”

Auta ta daɗe tana shafa kan ɗanta. “Da kin gaya min ranar, da ni na kawo shi. Ni ban san komai a kan ido ba, Mama. Da aka ce min Talata, Talata zan zo.”

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta ƙara ko kalma a kai ba.

Doguwa ta fito da kati rawaya da biro. Ta tsaya a gabansu tana rubutu a kan fayil: gobe, ƙarfe takwas, kada a ba shi nono daga lokaci kaza. Ta zo layin ƙarshe na rabin da ake jefawa a akwati, ta dakata, biron yana sama.

“Lambar waya fa? Ta wa zan sa?”

“Tawa,” Auta ta ce, ta karanto mata.

Doguwa ta rubuta, ta yaga katin biyu. Sabo ya sa ta miƙa rabin wajen Sista, sabo ya sa hannun Sista ya taso. Auta ta riga ta. Ta karɓi katin ta karanta shi tun daga sama har ƙasa, ta tambayi Doguwa ko takwas ɗin ta isowa ce ko ta shiga ɗakin aiki, sannan ta ninke shi ta soke a cikin zanen da ta ɗaure Maigida da shi, daidai ƙirjinta.

Ta miƙe. Tun ranar da aka sallami yaron, duk inda za a taka, Sista ce ke ɗaukarsa, don ta ce Auta ba ta iya tallafe wuyan bakwaini ba. Yanzu ma ta matso ta buɗe hannu biyu. Auta ta kalli hannuwan, ta sunkuya ta ɗauko jakar kayan jariri daga kan benci ta rataya mata.

“Riƙe min wannan, Mama. Mu je.”

Auta ta yi gaba da ɗanta. Sista ta bi bayanta da jaka. Da suka zo wucewa ta gaban tebur ta ji ɗan ƙaran da ta fi kowa sani, na rabin kati yana faɗawa cikin akwati. Ba ta waiwaya ba.